Dashen Lemo a Bokitin Fenti

Bishiyar lemon tsamin da ke tsakar gidanmu mahaifiyata ce ta dasa ta da hannunta, Allah ya jiƙanta. A gindinta na yi wa yarana wanka duka, a gindinta suka koyi tafiya, kuma da sandunanta na tsoratar da su, ban dai taɓa dukan kowa ba, kar su zo su ce muku wani abu. Gara ta yi ta cin bishiyar ta ciki ba mu sani ba. Ranar da wata iska ta taso da la'asar, sai muka ji rim! Na fito na tarar da ita kwance ta tare ƙofar kicin.

Da aka sassare ta aka kwashe, sai na ga wani ɗan dashe ya fito a gefen kututturen, tsawonsa bai wuce daga gwiwar hannuna zuwa yatsa ba. Shi kaɗai ta bari.

A lokacin 'yata ta fari, wadda duk gidan muke kira Nas saboda aikinta, an mayar da ita wani asibiti can bayan hamada, ta tare da mijinta da yaranta. Kullum in ta kira ni a waya ƙorafinta ɗaya ne: "Inna, gidan nan ko ganye ɗaya babu, sai siminti da rana." Da na gaya mata bishiya ta faɗi, sai jan hancinta kawai nake ji.

Na ce, "Share hawayenki. Ta bar ɗa, kuma ni zan kawo miki shi har gida. Nan gara ta riga ta san hanya, can kuwa ga jikoki da za su sha inuwarsa."

Mai gidana tsohon direban babbar mota ne, har gobe Direba kowa ke ce masa, ni ma haka. Tun da ya ajiye aiki sai 'yar motarsa da ta tsufa tare da mu, wadda yara suka sa wa suna Sannu-Sannu. Da na kawo masa maganar ya dube ni ta saman tabarau.

"A tsakiyar bazarar nan? Ki ƙetare hamada saboda ciyawa?"

"Ba ciyawa ba ce, jikan mahaifiyata ne."

"To a gaishe shi."

Haka ya ce, amma kafin la'asar na hango shi ƙarƙashin Sannu-Sannu da sifana yana 'yar waƙa. Mutumin da hanya ta shiga jininsa, dama ƙiris yake jira.

Mu huɗu muka shirya. Ni da shi, da Auta, ɗanmu na ƙarshe wanda tela ne, ya rufe shago don ya riƙa karɓar babansa tuƙi. Sai ƙanwar Direba, Goggon yara, wadda ba a gayyace ta ba, ta dai iso da jakarta ta ce, "Matar Yaya, in na bar ki ke kaɗai wa za ki yi wa surutu?" Ita da ake kira Rediyo a unguwarsu, ita ke ce min mai surutu.

Da asuba Direba ya tara mu a bayan mota kamar masu fareti. Ya nuna kula mai cike da robobin ruwa ya ce wannan namu ne na sha. Sannan ya dafa wata shuɗiyar jarka.

"Wannan kuma ta mota ce. A hamada mota ta fi mutum ƙishirwa. Wanda ya taɓa jarkar nan ni ya taɓa. Ciyawarki kuwa, kofi da safe kofi da yamma, daga rabonki. Kuma kar in ga ɗigon ruwa ko ƙasa a cikin motata."

Saboda wannan magana tasa ta ƙarshe na nemo bokitin fenti wanda ba shi da huji ko ɗaya. Na jera duwatsu a ƙasa, na zuba ƙasar gindin uwarsa, na zaunar da dashen. Na kawo tsohon zane na naɗe bakin bokitin ruf don rana, kan ganyen kawai ke leƙowa. Muka ajiye shi a can baya, kafaɗa da kafaɗa da shuɗiyar jarka.

Kai, wannan tafiya! Na daɗe ban yi dariya irin ta ranar ba. Da hantsi gidaje suka ƙare, bishiyoyi suka yi ta gajarcewa har suka koma 'yan ƙayoyi, daga nan sai rairayi iya ganinka, ja a nan fari a can, kwalta ta miƙe a tsakiya kamar an ja zare. Sannu-Sannu ba ta da na'urar sanyi, in an buɗe taga iska ta shigo kamar daga bakin tanda, in an rufe a dahu. Goggo ta jiƙa gyalenta ta rufe fuska, kafin ta kai ƙarshen labarin maƙwabciyarta ya bushe ƙarau.

Direba kuwa ya koma saurayi. Kowane dutse ya san shi. "Nan na taɓa yin faci ni kaɗai. Can na taɓa kwana da lodin gishiri." Auta ya ce, "Baba, wancan dutsen ai ɗazu ka ce shi ne na gishirin." Ya ce, "Ƙanensa ne."

Can Goggo ta miƙe zaune tana nuna gaba. "Ruwa! Yaya, tafki ga shi can, har yana sheƙi. Tsaya in wanke ƙafata."

"Kawalwalniya ce," in ji shi.

"Ni za ka gaya wa ruwa? Na girmi ɗanka fa."

Muka yi ta bin tafkin Goggo yana guduwa, har ta gaji ta ce ai ko an kai ta ba za ta shiga ba, ruwan ba shi da tarbiyya. Da muka tsaya wajen wani mai rumfa da ke sayar da kankana, ta sauko, silifas ɗinta ya manne a kwalta, ta yi gaba da ƙafa ɗaya tana tsalle tana salati. Muka zauna a 'yar inuwar rumfar muna shan kankana mai ɗumi, ruwanta na bin gwiwar hannunmu, wasu raƙuma suka zo suka tsaya a tsakiyar titi suna kallonmu kamar mu ne baƙin da ba su yi sallama ba.

Ni dai duk wannan daɗi, rabin zuciyata na bayan mota. Ina jin zafin nan a jikina sai in ce, ni da nake da baki ke nan, ina ga wanda ba ya iya cewa a ba shi? Kofi da safe kofi da yamma, wane yaro zai rayu da haka? Don haka a wajen mai kankana na ce zan ɗauko man shafawa, na zaga baya, na ɗaga gefen zanen kaɗan, na tsiyayi kofi guda daga shuɗiyar jarka na zuba masa. Jarka cike take, kofi ɗaya ai ko mai ita ba zai gane ba. Tsayawa ta gaba na sake. Ta gaba ma haka.

Abin da na lura da shi, kowa ya zama mai hidima da bayan motar nan. Goggo sai ta manta carbinta a jaka. Auta sai ya je duba tayar baya. Direba kuwa fitilar baya ta dame shi, duk inda muka tsaya sai ya kore mu inuwa ya ce zai gyara ta, da rana tsaka, fitila. Ban kawo komai a raina ba, haushi ma nake ji suna tare min hanya.

Muka kwana a wani masauki a bakin hanya. Da safe na leƙa dashen. Ganyen ya yi laushi ya sunkuya, gefensa ya soma rawaya. Na ce shi ke nan, ƙishirwa za ta kashe min shi. Na ƙara masa kofi biyu cur.

Rana ta take tsaka, muna wani wuri da ko tsuntsu babu, sai Sannu-Sannu ta yi tari, tururi ya turnuƙe daga gaba. Direba ya gangara gefe ya kashe ta. Ko gezau bai yi ba, har wani murmushi yake. Ya jira ta huce, ya buɗe bonet da tsumma, ya leƙa.

"Tiyon lagireto ne ya tsage, ruwan ya tsiyaye. Ƙaramin aiki." Ya yanko roba ya ɗaure wurin tamau, ya goge hannu, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Yau za ku san dalilin da ya sa na kafa doka. Auta, ɗauko min jarkar mota."

Auta ya zaga baya. Ya daɗe. Da ya dawo, da yatsa ɗaya ya rataye ta, tana lilo. Direba ya karɓa ya girgiza, wani ɗan ruwa ya yi ƙara a ƙasa, wanda ko kaza ba zai ƙosar ba.

Goggo ta kawar da kai tana kallon hamada.

"Ƙila huji gare ta," in ji Auta, yana kallon takalminsa.

"Ƙila zafi ne ya shanye," in ji Goggo.

Ni kuwa na ce, "Ikon Allah."

Abin mamaki, Direba bai yi faɗa ba. Ya dai juya jarkar yana duba ƙasanta kamar mai neman hujin da gaske. Ruwan shanmu ya rage kaɗan, ya ce ba mai taɓa shi, na rai ne. Waya ba ta kamawa. Sai dai mu jira wata mota, wadda ƙila ta zo yanzu, ƙila sai rana ta faɗi.

Mu dai za mu iya rakuɓewa a gefen mota mu jira. Amma cikin motar da ke tsaye a rana ya riga ya zama tukunya, kuma dashena na ciki. In ya kai la'asar a nan, dafaffe zan kai wa Nas. Na ce, "Auta, don Allah sauko min da shi, ka tura shi ƙarƙashin mota ko ya sami inuwa."

Ya kama hannun bokitin ya ja. Bai motsa ba. Ya sa hannu biyu ya yi nishi ya ɗaga, sai muka ji ɓulum, ruwa ya fallatso ta cikin zanen ya jiƙa masa wando har gwiwa.

Na warware zanen. Jama'a, tafki! Ruwa ya haye kan ƙasar har ya kusa bakin bokiti, dashena na tsaye a tsakiya, ruwa iya wuya.

"Ga tafkina da kuka ce ƙarya ne," in ji Goggo. "Saura kwaɗi."

Sai a lokacin na gane rawayar ganyen nan. Ashe yaron nutsewa yake, ni kuwa ina ta ƙara masa. Na dafe ƙirji na ce, "Ni fa 'yan kofuna kawai na ba shi."

Goggo ta gyara gyale. "To ni ma na ɗan taimaka. Na ga Matar Yaya ta cika bin doka, na ce kar a kashe maraya a gabana."

Auta ya ce, "Ni murfin kula nake cikawa. Na ga Inna ta damu ne."

Na dubi bokitin, na dubi jarkar. Ni mace ce da ta yi shekaru tana auna ruwan girki da ido. Na ce, "Tsaya. Kofina da na Goggo da murfin Auta, duk a haɗa, ba su kai rabin wannan ba. Ina sauran ya fito?"

Mu uku muka juya. Direba na can ya ba mu baya, yana ta goge fitilar baya da tsumma.

"Yaya," in ji Goggo a hankali. "Yaya fitila? Ta gyaru?"

"Ni ba na aiki da kofi," ya ce, bai juyo ba. "Kofi aikin yara ne. Karkata jarkar nake yi."

Wayyo cikina! Muka fashe da dariya. Goggo ta zauna daɓas a rairayi, zafi ya ɗaga ta ta miƙe da ihu, ta sake faɗawa jikina. Auta ya kifa kai a kan mota yana buga ta. Ni hawaye nake har da majina. Mai doka, mai fareti, wanda ya taɓa jarka ni ya taɓa!

Da muka lafa ya juyo, yana ƙoƙarin ɗaure fuska abin ya ƙi. Ya ce, "Duk tafiyar da na yi a babbar mota, sai surukata, tsohuwar nan, ta cika min aljihu da lemon bishiyar. Ta ce in barci ya zo min in gatsa. Sau nawa ya tashe ni a kan hanyar nan. To jikanta zan bari ya mutu a motata?"

Shekarunmu tare masu yawa, bai taɓa gaya min wannan ba.

Shi ne kuma ya tsuguna ya ƙura wa bokitin ido, can ya ce, "Ai ruwan motar bai ɓata ba. Ajiya muka ba shi. Auta, nemo min ƙusa."

Aka ɗora bokitin a kan bakin but ɗin bayan motar, Direba ya huda shi ta ƙasa. Amma ruwan ja ne, duk laka, ba a zuba wa inji haka. Sai an tace. Auta ya bi mu da kallo irin nasu na teloli, ya murza zanena ya ce saƙarsa ta yi faɗi, ya murza rigar babansa ya girgiza kai, sannan idonsa ya sauka a kan sabon ɗankwalin Goggo.

"Kul!" in ji ta. "Wannan na shiga gidan Nas ne. Ko sau ɗaya ban wanke shi ba."

"Goggo, duk motar nan babu yadi mai kyansa. Shi ya sa."

"Ɗan nema, da bakin nan kake cutar masu kawo ɗinki." Ta kwance ta miƙa masa.

Muka ninka shi, ni da ita muka kama gefe-gefe, ruwa na tsiyaya ta ciki yana sauka a jarka. Muka tace, muka sake tacewa, har ya yi kalar shayi marar madara. Auta ya yanke gindin robar ruwa ya yi mazurari, Direba ya ɗura wa Sannu-Sannu a hankali yana lallashinta kamar mai ba jariri magani. Bai cika ta ba, amma ya ce zai kai mu. Dashen kuwa, da ruwan ya janye, har na ga kamar ya yi ajiyar zuciya.

Ya murza makulli. Ta yi tari, ta yi tsaki, ta tashi. Muka yi ta tafi kamar yara. Haka muka lallaɓa, ba gudu, idon Direba a kan allurar zafi, Goggo da jiƙaƙƙen ɗankwali mai laka a ka tana cewa wallahi ya fi sanyi, har muka kai wani gidan mai. Makaniken wurin ya canza tiyo, ya zubar da ruwan zai wanke lagireton, sai ya sunkuya ya shinshina.

"Baba, me kuke dafawa a ciki? Ƙamshin lambu nake ji."

"Sirrin tsofaffin direbobi ne," in ji Direba.

Rana na shirin faɗuwa muka isa. Nas ta fito da gudu, jikoki na biye. Na buɗe hannu zan rungume ta, ta wuce ni fuu ta nufi but. Sai da ta ga dashen, ta shafa ganyensa, sannan ta tuna tana da uwa. Mijinta ya haƙa rami a tsakar gida inda ya fasa siminti tun kafin mu zo, muka dasa shi.

Amma wahalar da ya sha ba ta tafi a banza ba. Washegari ganye ya fara zuba. Kafin mako ya zagayo babu ko ɗaya, sai ɗan tsinke a tsaye. Na daina cin abinci sosai. Ina zaune ina kallonsa ina cewa a raina, na ɗauko shi daga gidansu na kawo shi nan ya mutu.

Da Nas ta ji labarin bokiti daga bakin Goggo, da ƙari da gishiri, sai ta sa fuskar aiki. Ta kewaye dashen da kwali, ta yi masa rumfa da tsohon buhu, ta tara mu.

"Wannan majinyacina ne. Ba a shiga dubiya. Ba mai ba shi ko ɗigo sai ni. Inna, kin ji? Goggo? Auta?" Ta juya. "Baba, kai na fi nufi."

"Ni me ya haɗa ni da ciyawa?" in ji shi.

Ranar da za mu koma, mun gama loda kaya da sassafe, na ce bari in yi masa sallama ko da tsinke ne. Na roƙi izini wajen Nas, ta ɗaga buhun. Na tsuguna, ban ga komai ba, na goge tabarau na sake dubawa. A jikin tsinken, can kusa da sama, wani ɗan abu kore ya tsago, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ƙasa da shi ga wani.

Na ƙwala kira. Kowa ya zo a guje, muka yi cincirindo a kan kwalin, kai na gwaruwa da kai. Goggo ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Nas ta riƙe ni tana kuka tana dariya.

Direba ne ya iso a ƙarshe, yana tafe a hankali, hannunsa ɗaya a baya. Ya leƙa, ya gyaɗa kai, ya ce dama ya san jinin tsohuwar nan ba ya mutuwa da wuri.

"Baba," in ji Nas, "me ke bayanka?"

"Ba komai."

Ƙaramar jikata ta zaga ta leƙa. "Buta ce! Cike da ruwa!"

"Fitilar baya zan wanke," ya ce.